Ko da zinariya a ƙarƙashin gandun daji, doka ta hana a taɓa

Mutane da dama a nan Zariya na ɗauka cewa muddin mutum ya samo lasisi daga Abuja, to duk dutsen da ya ga dama zai iya kai wa diga. Dokar Ma'adinai ta 2007 ba ta ce haka ba.

Gaskiya ne sashe na 1 na dokar, da sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999, sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, ko da a gonar gadonka yake. Amma sashe na 3 ya ware wuraren da babu takardar da za ta halatta haƙa a cikinsu: gari, kasuwa, maƙabarta, filin soja (shi kam sai da amincewar Shugaban Ƙasa), wuraren tarihi irin ganuwar Zariya, da gandun dajin ƙasa kamar Kamuku na Birnin Gwari ko Gashaka-Gumti. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, hanin bai tsaya kan haƙa kaɗai ba. Har binciken share fage da kafa alamar iyaka ya haɗa. Wato lasisin bincike na shekara 3, wanda kan kai murabba'in kilomita 200, yana isa bakin gandun ya ci birki.

To ta yaya ake hasashen abin da ke binne? Hukumar binciken ƙasa ta tarayya ta yi awon maganaɗisun duwatsu daga jirgin sama, taswirorin kuma suna nan. Ɗaliban ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello ma sun san sauran aikin: a ɗebi yashin gindin rafi a 'yar jaka, a rubuta inda aka ɗebo, a busar, a tankaɗe, a kai ɗakin gwaji. Ruwa na kwaso ɓurɓushin abin da ke kan tudu, don haka rafin da ya fito daga tsauni kan tona asirinsa.

Sai dai sakamakon kirdado ne, a ce nan akwai alama mai ƙarfi, can kuma da sauƙi. Ba ya zama izini. A ganina nan dillalai ke cutar masu kuɗi, su nuna taswira mai launin ja, su karɓi kafin alƙalami. Kafin ka biya ko sisi, ka sa Ofishin Rajistar Ma'adinai ya duba ko filin bai shiga gandu ba.