Tunku mai zaman gungu: alamar wari da tsaron yanki

Tunku ƙaramar dabba ce mai cin ƙwari, ƙadangaru, ƙwai da ƙananan macizai. Wanda manoman Zamfara da Kebbi suka fi sani, mai laɓaɓowa akurkin kaji, galibi shi kaɗai yake yawo, amma akwai nau'o'in da ke zaman gungu, kamar tunku mai zane a baya, da tunkun Gambiya na Afirka ta Yamma, da wadan tunku na gabashi da kudancin Afirka. Gungun mai zane yakan kai goma zuwa ashirin, wani lokaci ya haura arba'in, kuma sukan kwana a tsohon suri.

Da wari waɗannan dabbobi suke shata iyaka. A ƙarƙashin wutsiyar tunku akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo mai ƙarfin wari, kwatankwacin na jibda, kuma ƙwayoyin cutar da ke cikinta suna da hannu wajen bambanta warin wannan da na wancan. Yakan goga ta a dutse ko kututture, ya kuma bar fitsari da kashi a wuraren da gungun ya keɓe. Wadan tunku kuwa yakan tsaya a kan ƙafafunsa na gaba, ya ɗaga bayansa sama, ya shafa warin a inda tsayinsa bai kai ba. 'Yan gungu kan shafi juna, har warinsu ya gauraya.

Binciken da ake gudanarwa tun 1995 a Mweya, cikin gandun dajin Sarauniya Elizabeth a Yuganda, ya nuna cewa tunku mai zane ya fi harzuƙa da warin maƙwabci fiye da na baƙo, saɓanin abin da aka sani a dabbobi da dama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: baƙo wucewa zai yi, maƙwabci kuwa shi ne mai cin iyaka. Da zarar sun shinshino alamarsa, sai su taru a kanta, su rufe ta da tasu. Idan gungu biyu suka yi arba, sukan ja daga kafaɗa da kafaɗa, ana ƙara ana cizo, kuma akan rasa rai, musamman 'ya'ya. Masu binciken sun lura cewa mata masu neman barbara kan ja gungunsu zuwa iyaka, su sadu da mazan abokan gaba yayin da nasu mazan ke tsakiyar faɗa.