Aski da reza mai baki biyu: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Me ya sa kullum sai na yanke?

Saboda kana dannawa. Na faɗa, na sake faɗa: kada ka danna. Hannunka ya saba da abin askin roba wanda sai an matsa shi yake ci. Wannan kuwa, wato abin askin da ake ɗaura wa reza mai baki biyu, ƙarfe ne, nauyinsa kaɗai ya isa. Riƙe shi sako-sako, ka riƙa ja gajere-gajere.

Aski nawa reza ɗaya take yi?

Uku zuwa biyar ga yawancin mutane. Da ta fara fizgar gashi, cire ta. Ita ce mafi arha a duk kayan askin, don me za ka azabtar da fuskarka a kanta?

Zan iya yin aro ko in ba wani aro?

A'a. Ciwon hanta nau'in B da C na bin jini, kuma ɗigon da ido bai gani ba ya isa. Ko ɗan'uwanka ne ciki ɗaya, kowa da tasa.

Yaya ake karkata abin askin?

Ana cewa digiri 30, amma wa ke aski da ma'auni? Kifa kansa a kumatunka, ka riƙa sauke mariƙin a hankali har ka ji bakin reza ya fara cin gashi. Nan ne wurin. Kan nan ba ya juyawa da kansa, hannunka ne zai bi lanƙwasar haɓa.

Ƙuraje na fito mini a wuya bayan aski. Wannan reza za ta raba ni da su?

Wataƙila, amma ba zan yi maka alkawari ba. Ka fara sanin abin da ke kawo su. Gashin da yake murɗaɗɗe, idan aka yanke shi ƙasa-ƙasa, bakinsa kan zama da tsini, ya lanƙwaso ya soki fata, ko ya kasa fitowa ya tsira a ciki. Jiki sai ya ɗauke shi kamar ƙaya, wurin ya kumbura. Abin aski mai jerin reza uku ko biyar yakan ja gashin sama kafin ya yanke, shi ya sa mutane da dama ke samun sauƙi idan suka koma mai reza ɗaya. Da dama na ce, ban ce kowa ba.

Abin da ya fi rezar muhimmanci shi ne kwanciyar gashinka. Bar shi kwana biyu ko uku, ka shafa da yatsa ka ji inda yake santsi da inda yake turjiya. A kumatu galibi ƙasa ya nufa, amma a wuya wani gefe yake yi, wani sama, wani ma zagayawa. Ka bi kwanciyarsa sau ɗaya, ka tsaya. Idan fatarka ta jure na wasu makonni, kana iya ƙara zagaye na biyu a gicciye, da sabuwar kumfa. Tayar da gashi, wato aske shi saɓanin kwanciyarsa, ni dai ba na ba mai ƙuraje shawararsa, ko da wasu suna yi lafiya. Kada kuma ka ja fata ta yi tauri don neman sulɓi, sulɓin nan ne ke jawo maka masifar.

Ita ma rezar tana da nata. Feather ta Japan kaifi gare ta ƙwarai, Derby ta Turkiyya ta fi sauƙi, kuma wadda ta yi wa wani daidai tana iya ɓata wa wani fuska. Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka gane mai laifin ba. Idan ƙurajen sun riga sun yi yawa, ajiye reza gaba ɗaya na 'yan makonni, ka rage gashin da injin aski. In suna ruwa ko suna barin tabo mai tudu, wannan aikin likitan fata ne.

Ba tsohon yayi ba ne?

Tsoho ne. Tun 1904 King Camp Gillette ya samu rajistar ƙirarsa a Amurka, kuma a 1962 kamfanin Wilkinson Sword ya fito da rezarsa marar tsatsa. Gemu ne bai canza ba.

Dole sai da kumfa?

Dole. Jiƙa gashin da ruwan ɗumi minti biyu zuwa uku, ko ka yi askin bayan wanka. Busasshen aski ban yarda da shi ba.

Jini ya fito, me zan yi?

Kwantar da hankalinka, kowa ya taɓa yankewa a makon farko. Ruwan sanyi, ka danne wurin kaɗan, ka shafa alif. Tsohuwar rezar kuma ka jefa ta cikin gwangwani mai murfi, kada ka bar ta inda yaro zai kai hannu.