Gyambon ƙafa ga mai amosanin gaɓɓai: kada a tsaya wurin wanzami

A nan Tawa, duk gaɓar da ta yi ciwo "sanyi" ake cewa. Amma akwai wani amosani da ya fita daban: garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin gaɓɓansa. Yana farawa da yatsun hannu da wuyan hannu, dama da hagu tare, kuma da safe sai hannu ya sandare fiye da rabin awa kafin ya saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi a 2019, wajen kashi 70 cikin ɗari mata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne matakin da ba a cika sani ba. Idan ciwon ya daɗe, sau da yawa shekara goma ko fiye, ba tare da magani na kirki ba, kumburin yana iya shiga hanyoyin jini. Su ƙuntata, fata da jijiyoyi su rasa jini. Sai ka ga baƙaƙen ɗigo a gefen farce, ko gyambo a ƙwauri da ya ƙi warkewa. Wani tafin ƙafarsa ne zai mutu ya riƙa jan ta, takalmi na suɓucewa bai ji ba. Wani ido ne zai yi ja da zafi mai tsanani. Kaɗan ne yake kamawa, ya fi samun masu shan taba, amma yana iya cinye yatsa, har rai.

Wanda ya ga haka, ya je asibiti cikin kwanakin nan, ya faɗa wa likita cewa yana da tsohon ciwon gaɓɓai, don daga nan za a san ko sai an tura shi Yamai. Tsaga da ƙaho a fatar da jini bai ishe ta ba, sabon gyambo kawai suke buɗewa.

A ƙasashen Turai wannan matsala ta ragu tun shekarun 1990, galibi saboda ana fara magani irin su methotrexate da wuri. Sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba, kuma haramun ne ga mai ciki. Mu kuwa ƙwayar dexamethasone ta masu talla muka riƙe: zafi ya lafa, kumatu su cika, a ce an samu lafiya, ƙashi na lalacewa a ɓoye. Wanda ya daɗe yana shan dexamethasone kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Sana'a ba dole a bar ta ba. Tela ya fara ɗinki da hantsi bayan ya gasa hannu da ruwan ɗumi. Manomin albasa mai gyambo ya daina tsayuwa cikin ruwan fadama. Maigida kuma, daka da jan guga, a sauke wa uwargida su, a kai hatsi inji.