Manhajar taskar ilimi

Manhajar taskar ilimi ita ce wadda ma'aikata, ƙungiya ko kamfani ke tara abin da mutanensu suka sani a cikinta, a rubuce, yadda kowa zai nema ya karanta ya kuma gyara. Akan zuba ƙa'idojin aiki, bayanan taro, amsoshin tambayoyin da ake yawan yi, da takardar miƙa aiki idan an yi wa ma'aikaci canjin wuri. Ta bambanta da zauren WhatsApp, inda saƙon yau ke binne na jiya.

Tarihi

Yawancin waɗannan manhajoji sun samo asali ne daga wiki. A 1995 wani Ba'amurke mai suna Ward Cunningham ya buɗe shafin WikiWikiWeb domin masu rubuta manhaja su riƙa musayar dabaru. Ya aro kalmar daga harshen mutanen Hawai, ma'anarta sauri. Abin da ya zo da shi sabo shi ne mai karatu ma yana da ikon gyara shafi, ba sai ya jira mai shafin ba. Wikipedia ta biyo baya a 2001, kuma manhajar da take gudana a kai, MediaWiki, ta fara aiki wajen 2002; kyauta ce har yau. Microsoft ya fitar da SharePoint a 2001. A 2004 kamfanin Atlassian na Ostireliya ya kawo Confluence, a shekarar kuma Andreas Gohr na Jamus ya fitar da DokuWiki, wadda ke ajiye kowane shafi a matsayin fayil na rubutu zalla. BookStack, da ke jera bayanai kamar kantar littattafai, littafi, babi da shafi, ta bayyana wajen 2015, Notion kuma wajen 2016.

Ire-irenta

Iri biyu ne. Akwai ta haya, wadda bayanai ke zama a kwamfutocin kamfanin da ya yi ta, akan biya kuɗi bisa yawan masu amfani. Akwai kuma wadda ƙungiya ke ɗorawa a kan kwamfutarta ta kula da abinta.

Zaɓen manhaja a Zamfara da Kebbi

A nan tambayar farko ita ce: idan babu sabis, ana iya buɗe ta? A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba waya ba intanet. Duk ofishin da bayanansa ke hannun kamfanin haya, to a irin wannan hali ya rabu da su sai an dawo da sabis. DokuWiki ko MediaWiki da aka ɗora a kan kwamfuta ɗaya a ofis, da sola da batir, tana ci gaba da aiki ga duk wanda ke cikin ginin. Sai dai tana buƙatar mai kula da ita da kwafe bayanai a kai a kai, kuma nan ne ƙananan ƙungiyoyi suka fi yin sakaci.

Sai kuɗi. Na haya galibi da dala ake biya, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 nauyin ya ƙaru ga ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu ko makaranta a Gusau.

Akwai kuma batun haruffa masu lanƙwasa. Idan magatakarda ya rubuta “ƙa'ida”, abokin aikinsa ya nemi “ka'ida” a wayarsa, wata manhajar ba za ta nuna masa komai ba. Ya kamata a gwada wannan kafin a amince, a gwada ta kuma a kan ƙaramar wayar Android, tunda da ita aka fi aiki. A duba ko tana barin a kwashe bayanai gaba ɗaya ranar da aka so ƙaura. A Fabrairun 2024 Atlassian ya daina kula da nau'in Confluence Server, wanda ƙungiya ke ɗorawa a kan kwamfutarta, masu amfani da shi suka koma neman mafita.

Doka

Taskar da ke ɗauke da bayanan mutane tana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023.

Saɓani

Ana saɓani kan ko a bar kowa ya gyara ko a taƙaita ga wasu kaɗan. Haka ma kan dogaro da ƙirƙirarriyar basira wajen amsa tambayoyi daga taskar.