Dutin likitan sashen gaggawa: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Awa nawa ake yi a duti ɗaya?

Galibi 8, 10 ko 12. Ya danganta da asibiti da yawan likitocinsa.

Akwai hutun ƙarshen mako?

Wani lokaci. Sashen ba ya rufewa dare da rana, har ranakun biki, sai dai a raba ranakun bisa adalci. Wanda ba zai jure wannan ba ya sake tunani tun da wuri.

In lokacin tashina ya yi, sai in kama hanya?

Haba! Sai ka miƙa aiki ga likitan da zai canje ka tukuna, gado bayan gado: wannan yana jiran sakamakon gwajin jini, wancan an yi masa allurar kashe zafi ƙarfe kaza, na lungu ciwon ƙirjinsa bai lafa ba. A wannan gaɓar ce bayani ke salwanta, majinyaci kuma shi ke shan wahalar. Kada ka tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa kana jefa magana.

Dutin dare: in jera su ko in warwatsa?

To, wannan ba ta da amsa ɗaya. Agogon jiki ba ya juyawa cikin kwana biyu ko uku, don haka mai yin dare huɗu a jere yakan tara bashin barci, ga shi jikin bai gama sabawa ba. Shi ya sa wasu suka fi son dare ɗaya ko biyu, su wuce wurin. Amma in aka warwatsa, kusan kowane mako sai an rikita maka barci, mai ƙananan yara a gida kuwa zai iya gwammace ya yi su gaba ɗaya ya huta. Shekaru ma suna da tasiri, domin yawanci dare yana ƙara nauyi yayin da mutum ke manyanta. Wasu asibitocin suna da likitocin da dare kaɗai suke yi.

Abin da na fi amincewa da shi: jadawali ya riƙa tafiya gaba, safe, yamma, sannan dare. Jinkirta barci ya fi wa jiki sauƙi a kan tilasta shi da wuri. Ko wannan ɗin ma, gwada ka gani na 'yan watanni kafin ka yanke hukunci. Kuma kada ka tsorata in wajen ƙarfe 4 na asuba ka ji kanka ya yi nauyi, haka jikin kowa yake a lokacin.

Doka ta sa iyaka ga awannin aiki?

A wasu wurare. Tarayyar Turai ta ƙayyade matsakaicin awa 48 a mako da hutun awa 11 a kowace rana. A Amurka, likita mai neman ƙwarewa a fannin ba ya wuce awa 12 a jere a sashen. Duba dokar inda kake aiki.

Zan iya tuƙa kaina gida bayan dutin dare?

In idonka na lumshewa, a'a. Kofi ba ya biyan barci. Nemi wuri ka kwanta na minti 20 zuwa 30, ko wani ya kai ka. Kai da kanka ka taɓa karɓar waɗanda gyangyaɗi ya kwashe a kan sitiyari suka yi haɗari.