Shin Motocin Zamani Gwangwani Ne?

A gareji da majalisun direbobi a Gusau, an daɗe ana cewa motocin zamani gwangwani ne, tunda da an yi karo sai gabansu ya lotse, tsofaffi kuwa ko gezau. Abin da ido ya gani ake faɗa, sai dai da gangan ake ƙera gaba da bayan mota su lanƙwashe domin su shanye ƙarfin bugu, a kuma ƙarfafa wurin zaman fasinja. Motar da ta ƙi lotsewa, jikin mutanen ciki take miƙa wa bugun.

A leƙa wurin mai gyaran jikin mota a duba: sau da yawa bonet ya tattare kamar takarda, amma ƙofofi suna buɗewa lafiya. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.