Waiwaye: Injin Zuƙe Ƙura, Mawaƙan Opera da Tarihin Talla da Sunan Manya

Tun kafin taurarin fim su cika shafukan mujallu, mawaƙan opera, wato wasan kwaikwayon da ake gabatarwa cikin waƙa, su ne fitattun mutanen da 'yan kasuwar Turai da Amurka ke rububin jingina kayansu da su. A 1850, lokacin da mai shirya wasanni P. T. Barnum ya kawo mawaƙiya Jenny Lind 'yar ƙasar Suwidin rangadi Amurka, an sayar da huluna da safar hannu da kayan ɗaki masu ɗauke da sunanta. Bayan shekaru kimanin 30, kamfanin sabulun Pears na Ingila ya riƙa buga shaidar mawaƙiyar opera Adelina Patti a tallace-tallacensa. Dalilin a fili yake: zauren opera wurin taruwar masu hannu da shuni ne, kuma duk abin da mawaƙiyar da suke girmamawa ta yaba, daraja ta hau kansa.

A cikin wannan yanayi injin zuƙe ƙura ya bayyana. Hubert Cecil Booth, injiniya ɗan Ingila, ya yi rajistar nasa a 1901, ƙaton inji ne da dawaki ke ja, ana tsayar da shi a ƙofar gida a zura dogayen bututu ta taga. Shi ma da sunan manya ya samu karɓuwa, domin da injinsa aka tsabtace dardumar cocin Westminster don naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. A Amurka kuwa, wani mai shara a Canton ta jihar Ohayo, James Murray Spangler, wanda ƙura ke tayar masa da ciwon asma, ya harhaɗa ƙaramin injin lantarki da mutum ɗaya zai iya turawa, sannan ya sayar wa William Hoover haƙƙinsa a 1908.

Abin da Hoover ya yi a wannan shekara ya fi jan hankalina, domin wata hanya ya bi daban. Ya buga sanarwa a mujallar Saturday Evening Post cewa duk mai so za a ba shi injin ya gwada kyauta a gidansa na kwana 10. Daga nan dillalansa suka shiga bin gida-gida, suna share dardumar matar gida a gabanta, su nuna mata ƙurar da tsintsiya ta bari shekara da shekaru. Axel Wenner-Gren, wanda ya ga irin wannan inji a tagar wani kanti a birnin Biyana a 1908, kuma ya jagoranci kafa kamfanin Electrolux a Suwidin a 1919, shi ma a kan bin gidaje ya gina kasuwarsa, ko da yake matarsa Marguerite, ba'amurkiya, waƙar opera ta koya. Tallan mujalla, da hoton mace mai ado a cikin falo na alfarma, aikinsa shi ne ya sa a buɗe wa dillali ƙofa, amma ciniki kan faɗa ne a kan darduma.

A ganina shaidar mawaƙi tana da nauyi idan ta shafi sana'arsa. Lokacin da mawaƙin opera Enrico Caruso ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Victor mai buga faifan garmaho a 1904, muryarsa ce ake saye a faifan garmaho, kuma mai saye yana iya tantance ta da kunnensa. Al'amarin ya ɓaci ne a 1927, lokacin da masu taba sigarin Lucky Strike suka jera mawaƙan opera, har da Ernestine Schumann-Heink, suna nuna wa jama'a cewa tabar ba ta taɓa maƙogwaro. An ari amanar da mutane suka ba murya, an sayar musu da abin da ke lalata ta. Ƙorafi ya yi yawa a kan shaidun da ake saye da kuɗi, har hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta sa baki a lamarin kamfanin a 1930.

Daga baya alaƙar opera da talla ta koma ɗaukar nauyin shirye-shirye. Kamfanin mai na Texaco ya fara biyan kuɗin watsa wasannin gidan opera na Metropolitan da ke birnin New York a rediyo a 1940, ya kuma ci gaba fiye da shekara 60, a zamanin da taurarin Hollywood suka riga suka karɓe yawancin tallan kayan gida daga hannun mawaƙa.